Gidan da Ka Ba da Haya, Yaushe Rabonka da Shiga Cikinsa?

Makon nan da kaina zan fara, domin abin da zan yi magana a kai a gidanmu ya faru, kuma ba mu ne masu gaskiya a cikinsa ba.

Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, ya bar mana gida a Kurna, cikin Kano. Sashe uku ne, kowanne ciki da falo, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, banɗaki biyu. Da aka zo rabon gado sai muka amince kada a sayar, a bar shi a haya, kuɗin su riƙa zuwa hannun Hajiyarmu tana cefane da sayen magani. Yayanmu ne ke hulɗa da dillali, dillali kuma shi ke hulɗa da 'yan haya. Shekara shida ana haka. Ni dai iyakar sanina da gidan shi ne in ji an ce kuɗi sun shigo.

Cikin daminar bara matar ɗaya daga cikin 'yan hayar ta haihu, Hajiya ta aike ni barka da turmin atamfa da sabulu. Na gama ganin jariri, na miƙe zan tafi, sai maƙwabciyarta ta sashen tsakiya ta riƙo mayafina.

"Anti, tunda Allah ya kawo ki, zo ki ga wani abu."

Ta zagaya da ni bayan banɗaki. Murfin kankaren sokawe ya tsage gida biyu, gefe ɗaya ya lotsa, an shimfiɗa tsohon kwano a kai an danne da bulo biyu. Yara tara ne a gidan nan, ƙaraminsu bai daɗe da fara tafiya ba, kuma nan ne hanyar da suke bi in za su debo ruwa. Bakin rijiyar ma tsohuwar taya ce da wani katako da ruwa ya gama cinyewa.

Na ce, "Kun gaya wa dillali?"

"Sau uku, tun kafin azumi. Kullum sai ya ce zai gaya wa Alhaji."

"To me ya hana maigidanki ya kira Yaya da kansa?"

Ta sunkuyar da kai. "Anti, saura wata biyu kuɗinmu su ƙare. Ya ce in muka cika ƙorafi, ko a ƙara mana kuɗi ko a ce mu tashi."

Wannan amsar ce ta hana ni barci a daren. Mutanen nan sun zaɓi su yi ta gadin yaransu a bakin rami a kan su buɗe baki, don suna tsoronmu. Mu kuwa muna can muna ganin kanmu masu sauƙin kai, tunda ba mu taɓa ɗaga wa kowa murya ba.

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A gidan haya maganar ta rabu biyu: wanda ke kwana a ɗakin ya san yoyon amma ba shi da iko, wanda ke da iko kuma bai taɓa kwana a ciki ba. A wajenmu akwai ƙarin wani shinge da ba kasafai ake lura da shi ba. Gidan matan aure ba a shiga. Mai gida namiji ne, dillali namiji ne, dukansu a zaure ko ƙofar gida suke tsayawa, su gaisa da maigidan, a ƙirga kuɗi, kowa ya kama gabansa. Yayanmu ya rantse mini cewa tun ranar da 'yan hayar farko suka tare bai ƙara ganin tsakar gidan ba, kuma na yarda da shi. Matan da ke wuni a ciki, waɗanda suka san wace waya ce ke tartsatsi da wane bango ne ke jiƙewa, su ne ba wanda ke tambaya.

Da na kai maganar gida, abin da Yaya ya fara cewa shi ne abin da yawancin masu gidaje za su ce: "Ai su ke zaune a ciki, su ke amfani da shi. Su haɗa kuɗi su gyara mana."

Bari mu tsaya a kan wannan magana, don ita ce tushen rikicin. A tsarin dokar haya da Nijeriya ta gada daga Ingila, abin da aka rubuta a yarjejeniya shi ke gaba. In an rubuta wane ne zai gyara me, kotu wannan za ta bi. Matsalar ita ce yawancinmu ba ma rubuta komai. Ana kawo mutum, a ce ɗan mutunci ne, ya biya kuɗin shekara da la'adar dillali, a miƙa masa mukulli. Inda kuwa aka rubuta, abin da aka saba shi ne ƙananan gyare-gyaren cikin ɗaki, irin su ƙwan fitila, kan famfo, sakatar ƙofa da gilashin da yaro ya fasa, suna kan ɗan haya. Jikin ginin kansa, rufi, katanga, magudanar ruwa, rijiya, sokawe da duk wurin da mazauna gidan ke tarayya a kai, suna kan mai gida. Jihar Legas ma ta sa wannan a dokar hayarta ta 2011, inda ta ɗora wa mai gida gyaran wajen gini da wuraren tarayya, sai fa in yarjejeniya ta faɗi wani abu dabam. Hankali ma ya yarda da rabon. Ɗan haya na iya tashi baɗi, sokawen kuwa yana nan tare da gidan har jikokinmu. Kuma a gidan da iyali uku ke zaune, in an ce "su gyara", ba a ce wa kowa ba ke nan.

Wannan batun wa zai biya ne. Akwai wanda ya fi shi nauyi, wato wa za a kama in wani ya mutu ko ya naƙasa. Mai gidan da ya san da haɗari a wurin da ke ƙarƙashin kulawarsa, ya yi biris har abin ya cutar da mutum, ana iya kai shi kotu a nemi diyya saboda sakaci. Cewa "dillali bai gaya mini ba" ba mafaka ba ce mai ƙarfi, domin dillalin da ka wakilta ya kula da gidanka a madadinka yake tsaye, saƙon da aka ba shi kamar kai aka ba.

Ba dokar Bature kaɗai ke faɗin haka ba. Malaman fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na jihohinmu ke aiki da shi, sun daɗe da tattauna mas'alar katangar da ta karkata. Abin da ke cikin Muhtasar na Shehu Halil shi ne, idan katanga ta karkata, aka gargaɗi mai ita, ya sami lokacin da zai iya gyarawa bai gyara ba, har ta faɗa wa mutum ko dukiya, to shi ne da lamuni. Sharuɗɗa uku ke nan: aibi ya bayyana, an yi gargaɗi, an sami lokaci. Na ƙirga su a kan sokawenmu, ba wanda bai cika ba. Da na faɗa wa Hajiya haka, ba ta ce komai ba, sai ta tashi ta buɗe jakarta.

Tunda na riga na shiga gidan sau ɗaya, sai na koma da birkila da mai gyaran wuta, muka bi shi lungu-lungu. Abin da muka gano na tabbata yana nan a gidajen haya da yawa.

Rijiya na fi daɗewa a kanta. 'Yan kwana-kwana na Jihar Kano sun saba fitar da sanarwar ciro yara daga rijiya da ramin masai, wasu da rai, wasu babu. Rijiyar gidan haya na bukatar a ɗaga bakinta da bulo, a yi mata murfin ƙarfe mai kwaɗo. Aikin mai walda ne na wuni guda. Amma akwai haɗarin da murfi ba ya maganinsa. Ƙa'idar da masana tsabtar ruwa ke bayarwa ita ce a sami tazarar akalla mita 30 tsakanin ramin bahaya da rijiyar da ake sha. To fulotin da ake yankawa ƙafa 50 da 50 kowane gefensa bai wuce mita 15 da ɗan kai ba. Ko ka sa rijiya a wannan kusurwa, sokawe a waccan, ba za ka sami mita 30 ba, balle ga na maƙwabcinka manne da katangarka. Namu da muka auna taku goma sha ɗaya ne tsakaninsu. Da damina ruwan ƙasa ya taso, abin da ke cikin wannan rami yana iya tsiyaya zuwa wancan, kuma ta haka kwalara da taifot ke shiga gida. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, sama da 3,000 suka rasu, kuma Kano da Jigawa da Bauchi na cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Mai gidan da ya san rijiyarsa na kusa da masai, mafi ƙarancin abin da ke kansa shi ne ya faɗa wa ɗan haya tun ranar da ya zo ganin gida cewa ruwan nan na wanki ne, ba na sha ba.

Wani abu kuma game da ramukan nan: in sokawe ya cika ko rijiya na son yasa, kada a kama yaran unguwa a ba su na goro a ce su shiga. Iskar da ke taruwa a ƙasan rami na kayar da mutum cikin ɗan lokaci, kuma abin da ya sa ake rasa mutum biyu ko uku a rami ɗaya shi ne wanda ya shiga ceto shi ma can yake zubewa.

Sai wuta. An yi wayarin ɗin gidanmu ne a zamanin da kayan lantarkin ɗan haya ba su wuce ƙwan fitila, fanka da rediyo ba. Yau kowane sashe akwai firji, dutsen guga da hitar dafa ruwa, ɗaya ma har da injin markaɗe. Siririyar waya in aka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta zafi take yi, robar jikinta ta narke a cikin silin inda ba mai gani. Mai gyaran ya buɗe akwatin fis ya nuna mini inda wani ya cire fis ya ɗaura waya mai kauri a madadinsa, don ya gaji da yankewar wuta. Wato an cire abu ɗaya tilo da zai katse wutar kafin ta zama gobara. Akwai hukumar tarayya mai suna NEMSA da ke ba masu aikin wayarin takardar shaidar ƙwarewa, kuma ba laifi ba ne ka tambayi wanda za ka ba aikin gidanka ko yana da ita. Tunda ana maganar wuta, bari in ƙara wannan: hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta bayyana cewa bashin wutar da tsohon mazauni ya bari ba a ɗora shi kan sabon da ya shigo. Mai gida ya tabbata an share lissafin mita kafin ya miƙa mukulli, kada baƙo ya tare ya tarar da bashin da bai ci ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro bayan sokawe shi ne tagogi. Kowace taga a gidan an yi mata ƙarfe an like da walda, saboda ɓarayi. Kowane sashe ƙofa ɗaya gare shi, kuma risho da tukunyar gas a bakin wannan ƙofar ake ajiye su. Ku zana hoton a ranku: an kawo wuta ƙarfe biyun dare, hitar da aka manta a kunne ta kama labule a falo, iyali na uwar ɗaki. Ta ina za su fita? Maƙwabta za su taru da guduma suna dukan ƙarfen da aka biya kuɗi don kada ya karye. Maganin ba shi da wuya. A kowane ɗakin kwana a sa taga ɗaya wadda ƙarfenta ke buɗewa kamar ƙofa, a kulle ta da kwaɗo ta ciki, a rataye mukullin a ƙusa inda babba zai lalubo shi ko cikin duhu. Ɗan haya ba zai iya yanke ƙarfen tagar da ba tasa ba. Wannan shawara ce da mai gida kaɗai ke iya yankewa.

Janareto ma haka. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana sa mutum barci ya zarce. An sha wayar gari a garuruwan ƙasar nan a tarar da iyali guda sun mutu a ɗaki, inji na aiki a baranda ko a lungun da ke tsakanin ɗakuna. Mutane na shigo da shi ciki ne don tsoron ɓarawo da ruwan sama. In mai gida ya gina ɗan keji mai rufi da kwaɗo a fili, nesa da tagogi, ya kuma sa a yarjejeniya cewa nan kaɗai ake kunna inji, ya toshe dalilin.

Ban ga tsaga a bangon gidanmu ba, alhamdu lillahi, amma ba zan wuce wannan ba tare da na yi magana da masu ɗora bene a kan ginin da aka yi wa harsashin gidan ƙasa ba. Kuɗin haya ya yi daɗi, sai a ce a ƙara hawa ɗaya a sama, ba injiniya, ba izinin hukumar tsara birni, wadda a Kano ita ce KNUPDA, 'yan haya kuma na zaune a ƙasa ana zuba musu kankare a ka. A ranar 13 ga Maris 2019 wani bene mai hawa uku ya rufta a unguwar Ita Faaji da ke tsibirin Legas. Mutane na haya a cikinsa, akwai makarantar firamare a hawan sama. Kimanin mutum 20 suka mutu, da yawansu yara, kuma hukumomin jihar sun ce tun kafin ranar an riga an sa wa ginin alamar rushewa. Katanga ce ta karkata, an yi gargaɗi, an sami lokaci. Tsagar da ke faɗaɗa wata bayan wata, ƙofar da ta fara ƙin rufuwa ba dalili, rodin da ya leƙo ya yi tsatsa a jikin dakin, waɗannan ba aikin mai fenti ba ne, injiniya ake kira.

Kaɗan ne daga masu gidaje suka san cewa dokar inshora ta tarayya ta 2003, a sashe na 65, ta wajabta yi wa gine-ginen da jama'a ke amfani da su inshorar rushewa, gobara, guguwa da ambaliya, kuma ta lissafa gidan da ɗan haya ke zaune a ciki cikin irin waɗannan gine-gine. Wanda ke ƙyamar inshorar da aka saba saboda addini, yanzu akwai kamfanonin takaful masu lasisi a ƙasar nan.

A Ingila doka ba ta bar abin ga tausayin mai gida ba. Dole ya kawo ƙwararre ya duba kayan gas duk shekara, a duba wayoyin lantarki duk shekara biyar, a kuma sa na'urar da ke ƙara in ta ji hayaƙi a kowane hawa. Kafin wani ya ce ai can Turai ne, ya tambayi kakarsa labarin duba-gari. Har cikin gida suke shiga, su leƙa randa, su leƙa masai, su ci tarar wanda ya yi ƙazanta. Shiga gida don duba lafiyarsa ba baƙon abu ba ne a wajenmu, sakinsa muka yi.

Yanzu in koma kan abin da matar nan ta faɗa, cewa in sun yi ƙorafi za a ce su tashi. Tsoronta na da tushe, domin kowa ya san yadda ake tashin ɗan haya a unguwanninmu. A cire masa ƙofa. A yaye kwanon ɗakinsa ana tsakiyar damina. A yanke masa wuta, a sa wa banɗaki kwaɗo, ko a jira ya fita kasuwa a turo matasa su watso kayan matarsa waje. Duk wannan haramun ne a dokar ƙasa, ko da kuwa mutumin na da bashin shekara biyu a kansa. Gidan naka ne, amma muddin yana ciki da izininka na farko, kotu ce kaɗai ke fitar da shi.

Hanyar da doka ta shimfiɗa a Abuja da Legas, kuma haka tsarin yake a jihohi da yawa, ita ce wannan, in dai yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi dabam ba. Mai biyan mako-mako ana ba shi notis na mako guda. Mai biyan wata-wata, wata guda. Mai biyan wata uku-uku, wata uku. Mai biyan shekara-shekara, wata shida. In wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a ba shi wata takardar ta kwana bakwai, wadda ke sanar da shi cewa mai gida zai je kotu neman gidansa. Daga nan sai sammaci. In alƙali ya yanke hukunci, ma'aikatan kotu ne ke zuwa su fitar da kaya, ba ƙannen mai gida ba. 'Yan sanda ma ba aikinsu ba ne tashin ɗan haya ko karɓo bashin haya, duk da cewa an mayar da ofishinsu wurin hakan.

Wanda ya tsallake wannan hanya, shari'ar na iya juyewa a kansa. Ɗan hayan da ake bi bashi sai ya zama shi ke bin diyyar kutse da ɓarnar kaya. A Arewa kuma kutse cikin gida da lalata dukiya laifuffuka ne a kundin Final Kod. Dokar Legas ta 2011 ta tanadi tarar da za ta iya kai ₦250,000 ko ɗaurin wata shida ga wanda ya fitar da ɗan haya da ƙarfi ko ya rushe wani ɓangaren gini don ya kore shi. Ita ce kuma ta wajabta ba da rasit, ta hana karɓar kuɗin fiye da shekara guda a gaba. Wanda ke ganin girmansa ya fi ƙarfin wannan ƙa'ida, ga misali: gwamnatin soja ta Jihar Legas ta tura jami'ai ɗauke da makamai suka fitar da Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi alhali maganar gidan na gaban kotu. A 1986 Kotun Ƙoli ta yi tir da abin, ta ƙi biya wa gwamnatin buƙatarta, a kan cewa ba wanda ke da ikon yi wa kansa hukunci da ƙarfi, ko da gwamnati ce. In gwamnan soja bai tsira ba, ina ga mai ciki da falo uku a Kurna?

Na san abin da masu gidaje za su rubuto mini, kuma ba zan ce ƙarya suke yi ba. Akwai ɗan hayan da zai shekara bai biya ba, yana hawa sabon babur. Akwai wadda za ta toshe magudana da ledar fiya wata da tsumman yara, sannan ta kira a zo a gyara. Akwai wanda zai tashi ya bar gida kamar an yi yaƙi. Shari'a na jan lokaci, lauya na cin kuɗi, buhun siminti a farkon 2024 ya kai ₦10,000 a wurare da yawa. Da yawan masu gidajen haya ba attajirai ba ne. Zawarawa ne da marayu da 'yan fansho irin Hajiyarmu, waɗanda in kuɗin haya ya makara, maganin hawan jini ma sai ya makara. Duk na yarda. Shi ya sa ma nake ganin rubutacciyar yarjejeniya da rasit sun fi yi wa mai gida amfani a kan ɗan haya, domin su ne hujjarsa ranar da zai tsaya gaban alƙali, ko gaban mai unguwa in ana son a sasanta tun abin bai yi nisa ba. Amma bashin uba ba ya halatta a bar rami buɗe a hanyar ɗansa mai shekara ɗaya da rabi. Bashi na da hanyar karɓarsa, na faɗe ta a sama.

Ga abin da muka yi. An zuba sabon murfin sokawe da rodi, an ɗaga bakin rijiya an sa mata murfin ƙarfe, an canza akwatin fis da wayoyin sashe biyu. Ya cinye kusan rabin kuɗin hayar sashe ɗaya na shekara, kuma Hajiya ce ta ce a cire daga nata. Mun rubuta yarjejeniya shafi ɗaya da Hausa, aka karanta wa kowa a gaban mai unguwa, har da matan, aka sa hannu. A ciki akwai wa ke gyara me, da wa'adin notis, da layi guda da na dage sai an sa: kawo ƙorafin gyara ba zai zama dalilin ƙarin kuɗi ko tashi ba. Lambar wayata na hannun matan gidan uku. Na ɗaukar wa kaina shiga gidan sau biyu a shekara, da sallama da sanarwa tun kwana biyu kafin ranar, sau ɗaya kafin ruwa ya sauka, sau ɗaya kafin hunturu, lokacin da gobara ta fi yawa. Mai gidan da ba shi da damar shiga, yana da mata ko ƙanwa ko 'ya.

Rijiyar dai ba yadda za mu yi da tazararta, mun gaya musu ta wanki ce kawai, ruwan sha suna saya wajen 'yan garuwa, mun kuma rage musu wani abu a kuɗin shekara saboda haka. Maganar tagogi ce har yau ba mu gama ba. Yaya ya ce taga mai buɗewa gayyatar ɓarawo ce, kuma in aka yi sata mu za a zarga. Mai walda ya riga ya zo ya auna, ya faɗi kuɗinsa, takardar na cikin jakata. Ranar Juma'a in mun haɗu a ɗakin Hajiya zan sake tayar da maganar.